Yaya Tunau da Farar Rigar Baba Nomau

Ku gyara zama, yau gidan Baba Nomau za mu shiga. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar abin haushi ya tashi tun yanzu, kada ya ce ba a faɗa masa ba.

A Kwarin Maje gidan yake, bayan masallacin Juma'a, kuma mutum uku ne a cikinsa. Akwai Baba Nomau, maɗinkin hannu, wanda ya shekara arba'in da biyu yana yi wa manyan riguna aiki da allura. Akwai 'yarsa Tasalla, wadda mijinta ya rasu ya bar mata kyamara guda, ta dawo gida tana ɗaukar hoton biki da suna. Sai yayanta Tunau, ƙaton mutum mai shekara talatin da takwas, ga ƙarfi ga ladabi, ba ya ƙarya ba ya musu. Matsalarsa ɗaya ce tak. Abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ba kuma zai tsaya ya tambayi kansa me kake nufi ba. Uban ya taɓa ce masa a kasuwa, "Tsaya nan har in dawo," sai ya manta ya bi wata hanyar ya koma gida. Sai da aka kira magariba aka je aka same shi a tsakiyar rumfuna, kasuwa ta watse, shi kaɗai a tsaye yana kallon inda uban ya bi.

To, ga abin da ke cin ran Tasalla. Duk shekarun nan wani Alhaji ne a birni yake kwashe rigunan Baba, ya liƙa musu sunan shagonsa, in an yaba aikin ya ce yaran shagonsa ne suka yi. Yaran shagonsa! Mutumin da ko zare bai iya sa wa allura ba. Yanzu kuma cutar yana ta rufe idon Baba. Rigar ƙarshe da ya yi fara ce sol, farin zare a kan farar shadda, zanen aska takwas a ƙirji. Bakwai sun miƙe sambal, ta takwas ta karkace, a nan idon ya gaza ya bar allurar a soke. Da Tasalla ta ga yana ta sukar yatsunsa yana lalube, sai ta sa Tunau ya karɓo rigar daga zaure, ta zare allurar ta kulle a akwatinta, shi kuma Baba ta mayar da shi ɗaki ta ce ya huta.

Ana nan sai ta ji labarin wani shafi a intanet da ke baje hotunan aikin hannu, kowane hoto da sunan mai aikin a ƙarƙashinsa. Sau uku kawai aka yarda mutum ya tura hoto, kuma za a rufe karɓa ranar Juma'ar ƙarshen wata, ƙarfe huɗu na yamma. Da ta gaya wa Baba sai ya ce, "Ni dai a rubuta sunana a ƙarƙashin aikina, ko sau ɗaya ne, kafin in bar duniya." Tasalla ta yi rantsuwa sai an rubuta.

Ta shanya rigar a igiya da tsakar rana, ta naɗe gefen da askar ta karkace don kada a gani, ta ɗauka. Ta kai wa Sabi'u, mai shagon caji da intanet a bakin tasha, ya tura. Kwana biyu amsa ta zo, Sabi'u ya karanta mata: "Ba mu karɓa ba. Haske ya yi yawa, ya cinye ɗinkin, riga ta zama farin allo kawai. Ki riƙa duba histogiram."

"Farin allo?" in ji Tasalla. "Aikin wata tara ne farin allo? Su waye ma su?"

Amma da ta kalli hoton da kyau sai ta ga gaskiyarsu, kuma wannan ya fi komai ba ta haushi. Ko zare ɗaya ba a gani. Ta koma gida ta danna ta danna har abin da suke faɗa ya fito a fuskar kyamarar: wani ɗan zane ne kamar tudu a tsakanin bango biyu. Tunau ne zai riƙa riƙe mata kaya, don haka ta zaunar da shi ta nuna masa.

"Yaya Tunau, kalli nan. Bangon hagu duhu ne, bangon dama haske ne. In tudun nan ya je ya jingina da bangon dama, hoto ya ƙone, ɗinkin Baba ya ɓace. Ka gane?"

"Na gane. Kada ya taɓa dama."

Ta ji daɗin amsar, baiwar Allah, har ta ƙara masa nama a miya.

Wata rana da safe Tasalla ta tsaya ta ƙare wa tsakar gida kallo, ta ce lallai farin da ya cika wurin ne yake mayar da rana a kan rigar. Ga bango ya sha farar ƙasa, ga fararen kwanuka a kife. Za ta tafi cajin batir, sai ta ce, "Yaya Tunau, kafin in dawo duk wani abu fari da ke tsakar gidan nan ka kawar da shi."

"Duk?"

"Duk!"

Da ta dawo, tun daga nesa ta hango taro a ƙofar gida. Ga farar akuyarsu a ɗaure a gindin darbejiya, ga kwanuka, ga buhun garin masara, ga fararen kaji biyu an ɗaure musu ƙafa. A tsakiyarsu kuma ga Baba Nomau a kan tabarma, mutane suna ta gaishe shi suna tambaya ko tashi za su yi.

"Baba! Me kake yi a titi?"

"Na fito shan iska tsakar gida, ɗan'uwanki ya ce gemuna fari ne."

Ta faɗa gida a guje. Bango ya sha taɓo har sama, Tunau kansa ba a ganin komai a jikinsa sai ido. Igiya kuwa wayam.

"Ina rigar?"

"Ai ita ta fi komai fari. Ita na fara kawarwa."

A rumbu ya sa ta, ƙarƙashin dammunan dawa, don kada farinta ya leƙo. Ta fito da ƙaiƙayi a cikin kowane zare. Tasalla ta buɗe baki, ta tuna yayanta ne, ta rufe. Kwana biyu ta yi tana tsince ƙaiƙayi da tsinke kafin a wanke rigar a kai ta wurin bugu.

Wata rana kuma hadari ya taso, ana ta wasa tsakanin rana da gajimare, don lokacin damina ne. Tasalla ta ce yau ce ranar. Ta shanya rigar, ta kifa turmi ta ɗora kyamarar a kai, ta saita. Rana ta ƙi shiga gajimare, tudu ya manne da bangon dama ya ƙi sauka. Ga tuwo yana jiranta a murhu. Sai ta kira Tunau.

"Zauna nan ka kalli tudun. Da zarar ka ga ya rabu da bangon dama, ka danna nan. Ka yi ta dannawa."

Tunau ya zauna ya zuba ido. Tudu bai motsa ba. Ya yi masa tsawa, bai motsa ba. Ya karkata kyamarar hagu ko zai gangara, ina! Can gumi ya dame shi, ya cire hularsa zai yi fifita, hular ta gifta ta gaban idon kyamara, sai ga tudu ya zabura ya yi hagu. Tunau ya ce, "A'a, ashe hula kake tsoro." Ya kifa hular a kan idon kyamarar gaba ɗaya, tudu ya tattara ya lafe a bangon hagu. Ya shiga dannawa. Ana cikin haka gajimare ya rufe rana, haske ya yi laushi, irin wanda Tasalla ta yi kwana huɗu tana roƙon Allah ya kawo, ya daɗe kuma bai yaye ba. Duk wannan lokacin hula tana kan kyamara.

Ta fito tana goge hannu, ya tare ta da fara'a.

"Ɗari biyu da sha ɗaya. Ko kusa da dama bai je ba."

Ta duba. Baƙi. Ta wuce na gaba, baƙi ƙirin. Ta yi ta wucewa har batir ya mutu a hannunta, daidai lokacin da ruwa ya sauko.

"Wayyo ni Tasalla! Yaya Tunau, duhu ka ɗauka! Duhu!"

"Kin ce kada ya taɓa dama."

"Na ce! Hagun ma kada ya taɓa! A tsakiya ake son sa, a tsakiya!"

Ta tsaya a cikin ruwa tana kwance rigar daga igiya tana faɗa, ba ta ma san ta jiƙe sharkaf ba. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ita.

Wata rana tana kwance, saura kwana biyar a rufe shafin, kanta yana sara, ta ji ba za ta iya barin yini ya wuce a banza ba. Ta kira Tunau ta miƙa masa kyamara, wannan karon ta ce za ta yi masa magana dalla-dalla yadda ba zai ɓata ba.

"Ban da hula. Ban da rufe idon kyamara da komai. Ka yi ta gwadawa har tudun ya zauna a tsakiya, ba hagu ba dama. Wanda ya zauna a tsakiya shi za ka kai wa Sabi'u ya tura."

Ku lura, jama'a, duk maganar nan ba ta ambaci riga ba. Ita a wurinta wannan ba abin faɗa ba ne. Tunau ya fita tsakar gida ya auna rigar, tudu ya yi dama. Ya auna cikin rijiya, ya yi hagu. Ya fita waje yana auna duk abin da ya gamu da shi: masallaci, kwata, mai tallan rake, tulin yashi. Har ya kai bakin rafi, inda jakin Mai Unguwa yake kiwo, wani jaki ruwan toka mai ƙaton ciki. Tunau ya matsa kusa har cikin jakin ya cika kyamara. Sai ga tudu ya miƙe a tsakiya cak, siriri, kyakkyawa. Ya danna sau ɗaya ya nufi tasha.

Shi kuma Sabi'u, wanda ake ganin yana da hankali, ya kalli hoton ya ce, "Tunau, ka tabbata wannan ta ce a tura?"

"Ta ce wanda tudunsa ya zauna a tsakiya. Duba ka gani."

Sabi'u ya duba, ya ga a tsakiyar yake, ya tura. Ni wallahi a wannan na fi ganin laifin Sabi'u.

Amsa ta zo ranar Laraba. Tasalla ta ja jiki ta je shagon, ga mutane cike suna jiran wayoyinsu, Sabi'u ya karanta da ƙarfi: "Haske ya zauna daidai, babu inda ya ƙone. Sai dai shafinmu na aikin hannu ne, wannan kuwa cikin jaki ne. Saura muku dama ɗaya."

Shago ya kwashe da dariya, wani har da faɗuwa daga benci. Tasalla ba ta yi dariya ba. Ta juya kan Sabi'u.

"Shi an san shi. Kai fa? Kana da ido, ka ga jaki, ka tura shi da sunan ubana?"

"Hajiya, ai tudun..."

"Tudun gidanku! In na ƙara jin tudu a bakinka sai na haɗa ka da janaretan nan na wurga waje."

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Yara suna binta suna cewa mai hoton jaki, Mai Unguwa ya aiko wai a wanko masa guda ya rataya a zaure. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Baba, da ya ji labari bai yi faɗa ba, sai ya ce, "Bar shi kawai, Tasalla. Da ma can ba a saba rubuta sunana ba." Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Wata rana, ita ce kuwa Juma'ar ƙarshe, Tasalla ta tashi tun da hantsi tana gwadawa. Rana ta fito tarwai, babu ko ɗigon gajimare. Ta kai rigar gindin darbejiya, hasken da ke ratsa ganye ya yi mata dabbare-dabbare. Ta kai ta ɗaki, tudu ya gudu hagu, riga ta koma kamar tsumma. Ta dawo da ita tsakar gida ta rage hasken kyamara, farin ya zama toka-toka, ɗinkin kuma har yanzu a shafe. Kamar wannan bai isa ba, sai ga saƙon Alhajin birni, wai in an gama wasan hoto a aiko masa da rigar, yana da mai so. Tasalla ta jefar da rigar a kan tabarma.

"Na gaji da farin rigar nan! Farin nan shi ne masifata. Wanda duk zai raba ni da shi ya taimake ni!"

Ta shiga ɗaki ta sha magani. Da ta fito babu riga, babu Tunau. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ta gan shi ya yi hanyar marina da wani abu a kafaɗa.

Tasalla ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta yanki hanya da gudu, mayafi a hannu, kaji suna watsewa. Tana isa ta tarar marini ya tsaya yana ta roƙon Tunau ya yi tunani, shi kuma ya durƙusa a bakin ramin shuni da kansa, ya riƙe rigar ta wuya yana sauke ta a hankali. Ta kurma ihu ta fizge. Amma leɓen rigar na ƙasa, kamar faɗin tafin hannu, ya riga ya sha shuni.

"Kin ce a raba ki da farin," in ji Tunau. "Da kin bari, yanzu da an gama."

Ta kalli shuɗin tabon, ta kalli yayanta. Ta miƙa masa rigar.

"Yaya Tunau, ka kashe ni. Ka kashe maganar Baba. Ungo. Mayar da rigar nan inda ka fara ɗaukar ta, yadda ka same ta, kada kuma ka ƙara taɓa ta har abada. Na haƙura."

Ta koma gida ƙafa duk ƙaya, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, barcin wahala ya ɗauke ta.

Ba ta farka ba sai bayan an sauko daga masallaci, ƙarfe uku ta gota. Abin da ta fara gani shi ne akwatinta a buɗe, an ɓalle kwaɗon. Ta zabura. Kyamara tana nan, gwangwanin allurai ne babu. Ta rataya kyamarar a wuya don kada ita ma a ɗauke, ta fito tana huci.

"Yau ko ni ko shi a gidan nan! Har akwatina?"

Ta ji tarin Baba daga zaure, inda ya yi wata biyu bai zauna ba. Ta faɗa ciki da niyyar yin faɗan da ba ta taɓa yi ba.

Baba Nomau yana zaune a kan tsohon buzunsa, ya jingina da bango, ƙofar waje tana hagunsa. Rigar tana shimfiɗe a kan cinyarsa, leɓen da ya sha shuni ya shige ƙarƙashin gwiwa. Askar da ta karkace ita ce a sama, allura a soke a ƙarshenta da guntun zare, hannun Baba a kusa da ita. Tunau kuwa ya tsaya can a bakin ƙofa ya goya hannuwa a baya.

"Me ke nan? Wa ya ce ka fito da Baba? Wa ya ce ka fasa mini akwati?"

"Ke kika ce. Kin ce inda na fara ɗaukar ta, yadda na same ta. A nan na same ta, a cinyar Baba, da allura a jiki. Allurar tana akwatinki."

"To tsayuwar me kake yi a ƙofa?"

"Kin ce kada in ƙara taɓa ta. Shi ne na tsaya nesa."

Ta ja numfashi za ta fara, sai idonta ya faɗa kan rigar. Ƙaton jikin Tunau ya tare ƙarfin ranar da ke dukan ƙofa, sauran hasken ya zagayo ta gefensa ya kwanta a kan rigar daga hagu. Kowane zare ya taso da 'yar inuwarsa. Askoki bakwai sun fito ɗaya bayan ɗaya, ga tambarin da ya naɗe a kafaɗa, ga wasu ƙananan ɗinki a bakin aljihu da ita kanta ba ta san da su ba, ita da ta yi sati biyu tana juya rigar. Ta ɗaga kyamara. Tudu ya baje tun daga hagu, ya hau, ya gangaro, ya zo dab da bangon dama ya tsaya bai taɓa ba.

"Baba," in ji ta. "Ana ganin komai."

"To da fa? Farin zare a kan farin yadi ba a ganinsa a tsakar rana. Me kike tsammani ya zaunar da ni a bakin ƙofar nan shekara arba'in? Iska?"

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Kin tambaye ni? Ni kin ajiye ni a ɗaki, allurata kin ajiye a akwati, kina ta shawara da tudu."

Kunya ta kama ta, haushin kanta ya fi wanda ta ji na Tunau da Sabi'u da Alhaji a haɗe. Amma lokaci yana tafiya. Ta miƙa hannu za ta naɗe askar da ta karkace kamar yadda ta saba, sai Baba ya danne wurin da tafinsa.

"Bar ta."

"Baba, za su ga..."

"Na ce bar ta."

Daidai nan Tunau ya gyara tsayuwa, rana ta faɗo kan rigar, tudu ya ruga dama. Tasalla ta daka tsawa.

"Koma yadda kake! Kada ka motsa!"

Ya koma. Ta danna sau uku, ta fita da gudu ta gefensa. A shagon Sabi'u janareta ya mutu sau ɗaya, intanet ya tsaya sau biyu, ita kuma tana tsaye a kansa ba ta bar shi ya ko ɗaga kai ba. Hoto ya tafi saura minti shida ƙarfe huɗu. Tana cewa alhamdulillahi, sama ta ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba ta samu fita ba sai da aka kira magariba.

Ta iso gida ta tarar da Tunau a bakin ƙofar zaure, hannuwa a baya, indararo yana zuba a ƙeyarsa. Baba ya ce tun ɗazu yake cewa ya shigo, ya ce wadda ta tsayar da shi ita za ta sallame shi. Tasalla ta kama hannunsa ta jawo shi ciki, ta ɗauko zani ta goge masa kai, tana gogewa tana faɗa, ita ma ba ta san da wa take faɗan ba.

Ranar Litinin Sabi'u da kansa ya zo har gida da waya a hannu, ya tsaya a zaure daga nesa-nesa don bai manta da janareta ba. An karɓa. Ga hoton a shafin, ga rubutu a ƙarƙashinsa. Tasalla ta karɓi wayar ta durƙusa kusa da uban ta karanta: "Babbar riga, aska takwas. Aikin hannun Malam Nomau, Kwarin Maje."

"Sake karantawa."

Ta sake. Baba ya shafa fuskar wayar da yatsa, duk da ba ya ganin komai a ciki.

"Karkatacciyar askar ta fito?"

Tasalla ta duba hoton. "Ta fito, Baba. Har da allurar, har da hannunka."

"Madalla. Wannan kam ko Alhaji ba zai ce yaran shagonsa ne suka yi ba."

Tunau yana tsaye a gefe yana jiran a ba shi aiki. Tasalla ta share ido da bakin mayafi, ta jawo masa tabarma.

"Yaya Tunau, zauna ka huta."

"Har yaushe?"

Ta buɗe baki, ta rufe, ta yi tunani sosai kafin ta amsa.

"Har in kawo maka tuwo. In ka cinye, ka tashi."

Nan na ajiye muku shi. Wanda ya bi ta Kwarin Maje ya leƙa zauren, buzun yana nan a bakin ƙofa, ba a sake ɗauke shi ba.